Yadda Ake Auna Aikin Mai Bincike a Fannin Farfaɗo da Masu Ciwon Zuciya

Duk likita ko ma'aikacin fisiyo da ya nemi gurbin digiri na biyu ko na uku a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko ya zauna rubuta kundin da kwalejin horas da manyan likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin take buƙata kafin ta ba shi shaidar ƙwarewa, ya san akwai ranar da dole ya yanke hukunci a kan wani malami: shin wannan ya isa ya duba mini aiki, kuma maganarsa tana da nauyi a fannin? Abin da yawancin 'yan'uwanmu da ke aiki a asibitocin Legas suke yi shi ne su buɗe shafin malamin a Google Scholar, su dubi lambar da ke gefen dama, wadda ke nuna yawan ambaton da ake yi wa maƙalunsa a wasu rubuce-rubucen bincike, su rufe. Wannan lambar mafarin aiki ce kawai, kuma a fannin farfaɗo da masu ciwon zuciya tana iya ɓatar da mutum fiye da yadda take yi a sauran rassan likitanci.

Kafin a auna mutum sai an san girman filin da yake aiki a cikinsa. Farfaɗo da masu ciwon zuciya shiri ne da ake ɗora majiyyaci a kai bayan bugun zuciya, ko bayan tiyata, ko a lokacin da zuciyarsa ta yi rauni ta kasa harba jini yadda ya kamata, kuma ya ƙunshi motsa jiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru, da wayar da kai a kan abinci da magani, da taimaka wa mutum ya bar taba, da kwantar masa da hankali. Fannin bai daɗe ba. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 likitoci suna kwantar da wanda ya yi bugun zuciya makonni shida a gado, sai a 1952 Samuel Levine da Bernard Lown na birnin Boston a Amurka suka wallafa sakamakon zaunar da irin waɗannan majiyyata a kujera tun a kwanakin farko, abin da ya buɗe ƙofar tayar da su da wuri. Ko a yau shirin bai game duniya ba, domin ƙididdigar da ICCPR, majalisar ƙasa da ƙasa ta rigakafin cututtukan zuciya da farfaɗo da masu su, ta fitar a 2019, wadda Farfesa Sherry Grace ta Jami'ar York a Kanada ta jagoranta, ta gano cewa ƙasashe 111 ne daga cikin 203 suke da shi, kuma Afirka tana cikin inda ya fi ƙaranci. Saboda haka masu rubutu a fannin ba su da yawa, masu ambaton su ma ba su da yawa, kuma lambar da za ta zama ƙarama ga mai binciken magungunan hawan jini tana iya zama babba a nan.

Tabbatar da wanda kake nema

Matakin farko, wanda aka fi tsallakewa, shi ne ka tabbatar cewa duk maƙalun da ke cikin jerin na mutum ɗaya ne. Sunayenmu suna wahalar da rumbunan bayanai ƙwarai: Muhammad ɗaya zai fito Mohammed a wata mujalla, Muhammed a wata, wani lokaci sunan mahaifi ya koma gaba, wani lokaci sunan gari ya zama na ƙarshe, ga kuma mace da ta sauya suna bayan aure. Sakamakon haka rumbun maƙalu na Scopus yakan raba mutum ɗaya gida biyu ko uku, Google Scholar kuwa, idan mai shafin ya bar shi yana ƙara maƙalu da kansa ba tare da tantancewa ba, yakan jibga masa aikin takwaransa, har ka ga likitan zuciya da maƙala a kan takin zamani. Maganin wannan shi ne lambar ORCID mai alƙaluma 16, lambar shaida ta musamman ga kowane mai bincike, wadda aka fara bayarwa kyauta a 2012. Nemi lambar a shafin farko na sabuwar maƙalarsa, ka buɗe ta, ka gwada abin da ke ciki da wurin aikinsa da abokan rubutunsa. Idan ba shi da ita, babu makawa sai ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya kana duba sunan sashe da asibitin da aka rubuta a ƙarƙashin sunansa.

Tattara maƙalun daga rumbu fiye da ɗaya

Kowane rumbu da irin abin da yake ƙirgawa. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana ɗaukar kusan komai, har da kundayen ɗalibai da takardun taro da kwafi biyu na maƙala ɗaya, shi ya sa lambarsa ce ta fi girma kusan kullum. Scopus na kamfanin Elsevier, shi ma na 2004, da Web of Science na kamfanin Clarivate, wanda ya samo asali daga fihirisar ambato da Eugene Garfield ya fara fitarwa a 1964, suna zaɓen mujallun da suke ɗauka, don haka lambarsu takan yi ƙasa. Su biyun na kuɗi ne, sai ta ɗakin karatun jami'ar da ta biya, amma Scopus yana nuna yawan maƙalun mutum da jimillar ambato da ma'aunin h ɗinsa (bayaninsa yana tafe a ƙasa) kyauta ga duk wanda ya nemi sunansa. PubMed na gwamnatin Amurka kyauta ne kuma shi ya fi tsabta wajen rarrabe batu. Sai kuma African Journals Online, wanda ke tara mujallun nahiyar tun 1998, kuma a can za ka tarar da maƙalun da manyan rumbunan ba su ɗauka ba.

Doka ɗaya ce a nan wadda ba ta da sassauci: kada ka taɓa gwada lambar wani ta Google Scholar da lambar wani ta Scopus. Yin haka daidai yake da auna shinkafar wani da tiya, ta wani da gwangwanin derika, sannan a ce wannan ya fi yawa. Buɗe jadawali a Excel, ka ba kowace maƙala layi guda mai ɗauke da shekara, da mujalla, da matsayin sunansa a jerin marubuta, da nau'in binciken, da yawan ambato, sannan ka rubuta sunan rumbun da ranar da ka ɗauki lambobin, domin suna sauyawa kowane mako.

Daga nan sai ka ware maƙalun da suka shafi farfaɗowa daga sauran. Wannan shi ne wurin da hoton yakan sauya gaba ɗaya, domin babban likitan zuciya yana iya samun maƙalu fiye da ɗari, mafi yawansu a kan hawan jini da hoton zuciya, waɗanda suka taɓo motsa jiki da farfaɗowa kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A PubMed ka haɗa sunansa da kalmomin "cardiac rehabilitation", amma ka sani cewa sai a 2017 aka ba wannan batu kansa na musamman a tsarin MeSH da rumbun yake rarraba maƙalu da shi, don haka tsofaffin maƙalu suna ƙarƙashin cututtukan zuciya gaba ɗaya. Ka sake nema da "exercise training" da "secondary prevention" don kada su kuɓuce maka.

Lissafi da hannunka

Ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya gabatar a 2005, ba shi da wuyar lissafi. Jera maƙalun daga wadda aka fi ambata zuwa wadda aka fi mantawa, ka ba su lambar jeri, ka sauko har inda yawan ambaton ya gaza lambar jerin. A ɗauka mutum yana da maƙalu bakwai a fannin, an ambace su sau 90, 41, 18, 9, 6, 3 da 1. Ta biyar an ambace ta sau 6, wato ta kai biyar, ta shida kuwa sau 3 kawai, ba ta kai shida ba, don haka ma'auninsa 5 ne. Ka yi wannan lissafi sau biyu, ɗaya a kan duk aikinsa, ɗaya a kan maƙalun farfaɗowa da ka ware. Na biyun shi ne amsar tambayarka.

Ma'aunin yana da raunin da ya kamata ka riƙe a zuciya. Ba ya taɓa raguwa, ko da mutum ya ajiye alƙalami shekara goma, kuma yana fifita dattijo a kan matashi saboda ambato da lokaci yake taruwa. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba lambar da yawan shekarun da suka wuce tun maƙalar mutum ta farko idan ana son gwada mutane biyu da ba sa'o'in juna ba. Google Scholar kuma yana nuna shafi na biyu na shekaru biyar da suka wuce, kuma ga ɗalibin da ke neman mai duba masa aiki wannan shafin ya fi amfani, domin shi ke nuna ko malamin yana cikin aikin har yanzu. Manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing, wadda kyauta ce, tana sauƙaƙa duk wannan lissafi.

Abin da ke bayan lambar

A nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Ɗauki maƙalu goma da aka fi ambata, ka fara da duba inda sunansa yake a jerin marubuta. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ne yawanci ya yi aikin kuma ya rubuta, na ƙarshe shi ne babban da ya jagoranta, na tsakiya kuwa gudummawarsu ta bambanta, daga mai yawa zuwa wadda ba ta wuce tattara bayanan asibitinsa ba. Akwai manyan ayyukan haɗin gwiwa, irin rahotannin nauyin cututtuka a duniya da ake kira Global Burden of Disease, da ke ɗauke da sunayen ɗaruruwan mutane kuma ake ambaton su dubban lokuta. Maƙala biyu irin waɗannan sun isa su ninka jimillar ambaton mutum sau da yawa. Shiga irin wannan aiki ba aibu ba ne, sai dai bai gaya maka ko mutumin ya iya tsara shirin motsa jiki ga mai raunin zuciya ba, don haka ka cire su ka sake lissafi. Haka kundayen jagora na ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ko ta Amurka: kasancewa cikin marubutansu shaida ce ta girmamawar abokan aiki, amma ambaton da suke samu na ƙungiyar ne.

Sai nau'in aikin. Bitar da ke tattara gwaje-gwajen da aka riga aka yi takan fi kowane gwaji guda samun ambato, saboda duk mai rubuta gabatarwa ita yake jingina da ita. Misali mafi shahara a fannin shi ne bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci, a kan farfaɗowa ta hanyar motsa jiki ga masu toshewar jijiyoyin zuciya, wadda Farfesa Rod Taylor na Birtaniya ya daɗe yana cikin jagororinta: bugun 2016 ya haɗa gwaje-gwaje 63 da mutane 14,486, na 2021 kuma gwaje-gwaje 85 da mutane 23,430, ya kuma nuna raguwar sake samun bugun zuciya da komawa gadon asibiti. Wannan aiki ne mai daraja, amma ya tsaya ne a kan wahalar waɗanda suka ɗauki majiyyata suka bi su watanni da shekaru. Idan za ka gwada mai rubuta bita da mai gudanar da gwaji, ka tuna cewa gwaji guda yana iya cin shekara biyar ya haifar da maƙala biyu ko uku kawai. A ganina wanda ya kammala gwaji guda mai tsari a kan majiyyatan Nijeriya ya fi cancantar duba ɗalibin da zai yi aiki da marasa lafiya, ko da lambarsa ba ta kai rabin ta mai bita ba.

Idan gwaji ne, duba abubuwa uku. Shin an raba majiyyatan gida biyu ta hanyar ƙuri'a? Shin an yi wa gwajin rajista kafin a fara, a ClinicalTrials.gov ko a rajistar Afirka ta PACTR, kuma abin da aka ce za a auna tun farko shi ne aka ba da rahotonsa a ƙarshe? Mutum nawa ne suka fara, nawa suka kammala? Rumbun PEDro na Ostireliya yana ba gwaje-gwajen fisiyo maki daga 0 zuwa 10, amma kada ka yi tsammanin 10 a wannan fanni, domin ba yadda za a ɓoye wa majiyyaci ko mai horas da shi cewa yana taka keken motsa jiki, kuma maki biyu a kan wannan ɓoyewa suke.

Bayan haka ka danna jerin waɗanda suka ambaci maƙalar, ka buɗe biyar ko shida, ka karanta jimlar da aka ambace ta a ciki. Ambato ba yabo ba ne a kowane lokaci. Gwajin RAMIT na Birtaniya da aka wallafa a 2012, mai mutane 1,813, bai ga bambanci a mace-mace tsakanin waɗanda suka shiga shirin da waɗanda ba su shiga ba, kuma wani kaso na masu ambaton sa suna yin haka ne don su yi jayayya da tsarinsa. Gwajin HF-ACTION na 2009, mai mutane 2,331 masu raunin zuciya, bai kai ga sakamako mai ƙarfi a babban abin da ya auna ba sai bayan an daidaita lissafin, amma duk da haka shi ne ginshiƙin da ake komawa gare shi a kan amincin motsa jiki ga irin waɗannan majiyyata. Lambar ambato kaɗai ba za ta faɗa maka ko ɗaya daga cikin wannan ba. A wannan dubawa ne kuma za ka gane ko masu ambaton mutum shi ne da kansa da ɗalibansa da abokansa biyu. Ambaton kai a cikin aikin da ke ci gaba abu ne na dole, amma idan kusan duk jerin daga sashe ɗaya ya fito, aikin bai fita daga gida ba tukuna. Scopus yana da maɓallin cire ambaton kai ga wanda ke da damar shiga.

Don gwada maƙala da sa'o'inta, akwai kayan aiki biyu. Shafin iCite na cibiyoyin binciken lafiya na Amurka kyauta ne, yana ba kowace maƙalar da ke PubMed maki inda 1.0 yake nufin ta yi daidai da matsakaiciyar maƙalar da cibiyoyin suka ɗauki nauyi a fanninta. Scopus ma yana da irinsa, inda 1.00 yake nufin matsakaicin duniya ga maƙalu masu fanni ɗaya da shekara ɗaya da nau'i ɗaya. Makin tasirin mujalla kuwa, wanda kwamitocin ƙarin girma suke ƙauna, matsakaici ne na ambaton da maƙalun mujallar na shekaru biyu suka samu, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne suke ɗaga shi. Sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012 ta fito fili ta ce kada a auna mutum da makin mujallar da ya wallafa a ciki. Maƙala a Journal of Cardiopulmonary Rehabilitation and Prevention ko European Journal of Preventive Cardiology ta isa ga ainihin masu aikin, ko da akwai mujallun da suka fi su maki.

Duba biyu sun rage, kuma ba su da tsawo. Nemi sunansa a rumbun Retraction Watch don ganin ko an taɓa janye masa maƙala, kuma idan an janye ka karanta dalilin, domin gyaran kuskure daban, ƙirƙirar bayanai daban. Mujallar da ba ka san ta ba kuma ka neme ta a DOAJ, jerin tantacattun mujallun da ake karantawa kyauta, ko PubMed, saboda akwai masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da ƙwararru sun duba ba.

Ma'aunin gida

Mafi yawan gwaje-gwajen fannin an yi su ne a Turai da Arewacin Amurka, a kan maza masu toshewar jijiyoyin zuciya. Majiyyacinmu daban ne. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya bi mutane 1,006 masu raunin zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, hawan jini ne sanadi a wajen kusan kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiyoyi kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Ga kuma raunin zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi bayaninsa a Zariya a shekarun 1970 suna danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, kuma rajistar PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ta sake bibiyarsa a asibitocin ƙasar nan. Mai binciken da ya zaɓi gwada shirin farfaɗowa a kan mai jego, ko a kan ɗan kasuwar Mile 12 mai hawan jini da ba zai iya rufe rumfa ya ratsa cunkoson Legas sau uku a mako don zuwa asibiti ba, ya san tun farko cewa masu ambaton sa a Turai ba za su yi yawa ba. Kada ka hukunta shi a kan haka. Indiya ta nuna cewa irin wannan aiki yana iya kaiwa matakin duniya, da gwajin Yoga-CaRe na 2020 mai mutane 3,959, wanda ya gina shirin a kan abin da mutanen ƙasar suka sani kuma suke iya biya.

Don haka ka ƙara wa jadawalinka layukan da babu rumbun da ke ƙirga su. Shin aikinsa ya fito a Nigerian Journal of Cardiology ko Cardiovascular Journal of Africa, inda likitocin da ke ganin irin majiyyatansa suke karatu? Shin ya gwada shirin da ake yi a gida, ana bibiya ta waya? Shin ya fassara takardun tambayoyin auna lafiya zuwa Hausa ko Yarbanci kuma ya tabbatar da ingancinsu, aikin da ba a cika ambata ba amma duk wanda ya zo bayansa yake amfana da shi? Shin akwai shirin farfaɗowa mai rai a asibitinsa da majiyyata suke zuwa?

Amsar tambaya ta ƙarshe ba ta intanet. Bayan ka kammala jadawalin, ka zaɓi maƙalu biyu da ya rubuta a matsayin na farko ko na ƙarshe, ka karanta su daga farko har ƙarshe, sannan ka nemi izinin ganinsa a ofis. Idan kun gaisa ka ce, "Ranka ya daɗe, Farfesa, na karanta gwajin da kuka yi, ina so in san mutum nawa suka kammala shirin, kuma me ya hana sauran." Ka roƙi a nuna maka ɗakin motsa jikin da littafin halartar majiyyata. Daga nan ka nemi biyu daga cikin ɗaliban da ya yaye, waɗanda za ka samu sunayensu a gaban nasa a maƙalun shekarun baya, ka tambaye su tsawon lokacin da babi yake yi a teburinsa kafin ya dawo da gyara, da kuma ko sunan ɗalibi ne yake zuwa farko idan aka wallafa aikin kundinsa.